Aron Harshe

Asabar, 6 ga Muharram, 1403

Bismillahi. Duk wanda wannan littafi ya faɗa hannunsa bayan raina, ya yi mini afuwa. Ban rubuta don in dami kowa ba, rashin wanda zan gaya wa ne.

Malam, maigidana, bai ci abin kirki ba yau ma. Ya ɗan kurɓi kunu ya kau da kai. Tun da ciwon nan ya buge shi a lambun da yake aiki a Ƙuba kafin Hajji, ya shanye masa hannun dama da ƙafa, harshensa ya daina jin ɗanɗano, hancinsa ma haka. Ya ce zuma da toka duk ɗaya ne a bakinsa. Magana tana fita a karkace, ni dai ina ganewa.

Da hantsi ya ce in jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. A can ƙasa, cikin tsohon rawani, akwai wani abu kamar guntun sanda, tsawon tafin hannuna, kaurin babban yatsa, baƙi-baƙi kamar dabinon ajwa. Tun kafin ya kai hancina na san ko mene ne. 'Yar manomin taba ce ni, a gulbin Maraɗi aka haife ni, cikin warin ganyen nan na yi rarrafe.

Na ce, “Malam, a gidan nan? A garin Manzo?”

Ya ce, “Sijar ake ce masa. Ni na yi shi.”

Na mayar da shi, na wanke hannu da sabulu.

Lahadi, 7 ga Muharram

Ya ba ni labarin a gutsure, yana yi yana hutawa. Na san ya zauna a Bur Sudan kafin ya ƙetaro, na san ya yi wa wani Bature aiki, Hawaja suke ce masa. Abin da ban sani ba, aikin taba ne. Hawajan yana nannaɗe wa matuƙan jirgin ruwa irin wannan da hannu, ganye cikin ganye, babu takarda. Malam yana zare jijiya yana jera ganye shekara da shekaru, ba a taɓa barinsa ya nannaɗe ko ɗaya ba. Hawaja ya ce masa hannunsa na garma ne.

Ranar da ya shigo Madina ya bar shan taba, bai koma ba, wannan ni shaida ce. Amma maganar hannun garma ba ta bar shi ba. Bara waccan wani alhaji ya kawo masa iri, ya shuka 'yan tushe bayan ɗakin makina, injin jan ruwan rijiya, ya ce wa mai lambu maganin ƙwari ne. Kuma da gaske ya jiƙa wasu ya yayyafa wa kayan lambu. Ya nanata mini wannan don ya san halina. Sauran ya shanya a inuwa, ya danne su cikin tabarmar kaba da dutse har suka yi baƙi. Ya nannaɗe da yawa ya warware. Wannan kaɗai ya bari. Niyyarsa bayan Hajji ya fita wajen gari shi ɗaya ya kunna, ya ji ko hannun garma ne. Sai ciwo ya riga shi.

Ya ce, “Ikilima, ara mini harshenki.”

Na yi kamar ban gane ba, na kama gyara matashi.

“Ke kin san ganye. Kuma ba ki iya ƙarya ba. Duk wanda na ba zai ce masha Allah don tausayi.”

Na ce da wannan bakin nake biya wa matan unguwa Alƙur'ani kullum la'asar. Ya juya fuska bango.

Talata, 9 ga Muharram

Cika-ciki. Larabawa ba su san shi ba, mu Hausawan unguwar Harra dai ba mu bari ba. Na dafa busasshen naman layya da na ɓoye, da shinkafa, yadda yake so. Bayan na sha ruwa na kai masa. Ya daɗe yana kallon kwanon kamar na wani ne. Ya ce in ci nasa, kar albarkar ta tafi a banza.

Kowane gida ana ƙarar cokali. Namu shiru.

Laraba, 10 ga Muharram

Azumin Ashura. Ban roƙi komai ba sai a nuna mini.

Malamin da ya karantar da ni a gida yana cewa taba makaruhi ce, shi kansa yana da 'yar battarsa. Nan kuwa haramun ake cewa, ba a ja. Ban tambayi kowa ba, domin na san amsar da za a ba ni, kuma in an ba ni ta zama hujja a kaina. Wannan ma wayo ne. Allah ya san na sani.

Juma'a, 12 ga Muharram

Abdussamad ya zo bayan masallaci da wani daktur abokinsa. Autana ne, amma tun da ya fara koyarwa a makaranta a unguwar Aƙiƙ ya tara gemu, ni ma sai in ji ina gyara zama in ya shigo. Ina yi masa Hausa yana mayar mini da Larabci, haka muke tun yana ƙarami.

Daktur ya ja fatar hannun Malam, ta tsaya ba ta koma ba. Ya ce in Juma'a mai zuwa ta yi bai fara ci ba, sai mustashfa, wato asibiti, a zura masa tiyo ta hanci.

Malam ya ce, “Ni ba tulu ba ne da za a yi mini ɗura.”

Daktur bai ji Hausa ba, ya yi murmushi. Abdussamad ya ji, bai yi ba. A bakin ƙofa ya ce, “Halas, ya Ummi, magana ta ƙare. Ba zan zuba ido ubana ya mutu da yunwa abinci na gidan ba.” Idonsa ya yi ja. Ba mugu ba ne yaron nan, tsoro yake ji.

Na san Malam. In aka ɗaure shi a gadon can da tiyo ba zai dawo ba.

Asabar, 13 ga Muharram

Na ciro sijar ɗin don in duba kawai.

Ya bushe ƙamas. Iskar Madina ba ta barin komai da laima, ko burodi ka manta a buɗe sai ya zama katako. Na matsa kaɗan na ji yana ƙas-ƙas, kuma ganyen da ya naɗe shi ta waje, wanda Malam ke kira riga, ya tsage wajen gindi. In aka kunna shi haka kara ne, ba wanda zai iya cewa ya yi ko bai yi ba.

Baba in ganye ya bushe masa ba ya yayyafa ruwa, ya ce ruwa kai tsaye ruɓa yake kawowa. Kusa da randa yake kwantar da shi ya sha sanyinta a hankali. Haka na yi. Na naɗe shi a farin ƙyalle, na sa a ƙaramin kasko na rufe, na tura ƙarƙashin randarmu inda yashi ke da danshi.

Na ce wa Malam, “Ban ce zan sha ba. Ba na son ganin abu yana lalacewa ne.”

Ya ce, “To.” Da yamma ya sha madara, ba da yawa ba, amma shi ya miƙo hannu.

Litinin, 15 ga Muharram

Ƙaltume maƙwabciyata ta riga sauran mata zuwa karatu. Mutuniyar Cadi ce, abin da ke cikinta shi ne a bakinta. Ba ta shan ruwan firji, ta ce yana kama mata haƙori, kullum sai randata. Ta duƙa da moɗa, sai ta tsaya tana jan hanci.

“Malama, me nake ji kamar kasuwar Abeshe?”

Da wata ce sai ta ce ƙamshin yashi ne. Ni bakina ya ƙi. Na ce, “Ajiyar Malam ce.”

Ta kalle ni, ta kalli ƙofar ɗakinsa. “Ajiya mai ƙamshi, wallahi. Kakata da ita take barci a leɓe, kuma ta fi ni yawan nafila.” Ta yi dariya, ta shanye ruwanta, ta sa ƙafa ta ƙara tura kaskon ciki.

Ban san ko za ta iya riƙewa ba. In matan nan suka ji, wa zai sake zama gabana da allo? Yau na yi tuntuɓe a Tabaraka, surar da nake karantawa tun ban yi wayo ba. Wata ɗaliba ce ta ɗora ni.

Laraba, 17 ga Muharram

Sijar ɗin ya farfaɗo. Rigar ta yi laushi, ta fito da maiƙo, baƙinta ya koma ja-ja a rana kamar fatar ajwa sabuwar tsinka. Jijiyoyin sirara ne, an kwantar da su gefe guda, ba ko ɗaya da ta taso. Na jiƙa ƙaro na liƙe tsagar da bakin tsinke. Ba zan ɓoye ba, wanda ya naɗa rigar nan ya san abin da yake yi.

Na kai wa Malam. Ya karɓa da hannun hagu, ya murza kusa da kunne, ya kai hanci bisa sabo, sannan ya tuna. Fuskar da ya yi, gara ban gani ba.

Tun jiya ya sake barin madarar.

Na zauna na bincika zuciyata, wanne ne ainihin abin da ba zan iya ba. Na ga hayaƙin ne a cikin haramin Manzo. Shi ma Malam ai wajen gari ya yi niyya. In an wuce iyaka zunubin bai tafi ba, na sani, amma rashin kunyar ya ragu. Sai dai wajen gari sai da mota. Mijin Ƙaltume yana da ta ɗaukar kaya, in na roƙe shi kafin magariba Harra duk ta ji. Saura mutum ɗaya.

Ba zan iya ba.

Alhamis, 18 ga Muharram

Ban ma kai ga roƙonsa ba. Abdussamad ya zo da hantsi karɓar takardun Malam na mustashfa. Murfin randa ya suɓuce masa ya gangara ƙasa, ya duƙa ɗauka. Ina wajen murhu na ji, “Esh hada, ya Ummi?”

Na fito na same shi riƙe da shi tsakanin yatsu, ƙyallen a ƙasa. Ya ce wane ne ya shigo da ƙazanta gidan da ake karatu. Ya ce ko Ƙaltume ce. Ya kama shi da hannu biyu zai karya.

Daga ɗaki Malam ya yi wani irin sauti, ba magana ba, ba kuka ba. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin irinsa ba.

Na ce, “Ajiye.”

Ni da ko tsawa ban taɓa yi wa yaron nan ba. Shi ma ya yi mamaki, hannunsa ya tsaya. Na gaya masa duka a tsaye, Hawaja, da hannun garma, da ɗakin makina. Na ce gobe bayan la'asar zai kai mu wajen harami, ni zan sha.

“Ke? Haramun ne, ya Ummi!”

“Ban ce maka halal ne ba. Ni na koya maka alwala, ba sai ka karanta mini ba.”

Ya kawo aya, ya kawo hadisi, duk daidai, ban musa ko ɗaya ba. Ya ce laifin zai hau kansa shi ma in ya tuƙa. Na ce to ya bari, zan je wajen mijin Ƙaltume. Na ce in mun dawo Malam bai ci ba zuwa Litinin, da hannuna zan haɗa masa jaka.

Ya ajiye shi a kan murfin randa kamar mai ajiye kunama. Ya fita bai yi sallama ba. Bai ce zai zo ba.

Na ɗauke shi na mayar cikin kasko.

Asabar, 20 ga Muharram

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba. Bari in rubuta yadda ya kasance, kar in gyara komai.

Abdussamad ya zo. Bai gaishe ni ba, ya shiga ya ɗauko ubansa cak kamar jariri ya sa a mota. Muka bi hanyar Badar, muka wuce Abyar Ali. Da muka wuce allon iyakar harami bai tsaya ba, ya ƙara tafiya mai nisa, ina jin don ya tabbata ne. Ya sauka titi zuwa wani busasshen kwari mai bishiyar ƙaya guda. Ya shimfiɗa darduma, ya jingina Malam da gindin bishiyar, ya yi tafiyarsa can ya ba mu baya.

Malam ya ce in yanke kan da reza, kaɗan, kar in wuce kafaɗa. Ya ce in ja tukuna ba wuta.

Na ɗaga mayafi. Na rasa abin da zan ce kafin in sa a baki. Bismillah ba ta dace ba. Na ce astagfirullah.

“Me kika ji?”

Na ce busasshen inabi, da ƙasa in an yi ruwan fari. Da wani abu kamar cikin tsohuwar jakar fata.

Ya lumshe ido. “Iskar fa? Tana wucewa?”

Na ce da ƙyar, kamar mai zuƙar kunu mai kauri ta kara. Ya ɓata fuska, ya ce kunna.

Iska ta hana. Duk ashanar da na ƙyasta sai ta mutu kafin ta kai, kwalin ya kusa ƙarewa. Sai na ji an ta da mota. Na ce shi ke nan, ya tafi ya bar mu a daji. Ashe juyo ta ya yi, ya kawo ta ya gindaya ta inda iskar ke fitowa, ya kashe, ya fita ya koma inda yake. Bai kalle mu ba.

Malam ya ce kar in cusa shi cikin wuta, in gasa gindin ina juyawa har ya yi ja ko'ina. “Kar ki haɗiye hayaƙin. Riƙe a baki kamar kurkurar alwala, ki fitar.”

Na ce, “Malam, kar ka haɗa su.”

Ya yi wata 'yar dariya da rabin baki. Rabona da jinta tun kafin Hajji.

Na farko ya shaƙe ni, na yi tari har hawaye. Ya ce a hankali, ba tsere ake ba, in bar shi ya huta tsakanin ja da ja. Da na nutsu na fara ji. Farkonsa yaji ne, kamar masoro a bayan harshe, da ɗaci irin na goron da bai kwana ba. Na faɗa masa. Ya ce farko haka yake, ci gaba. Wutar ta fi gudu ta gefe ɗaya, ya ce in juya wancan gefen ƙasa. Tokar fara-fara ce, ta riƙe kanta ba ta zuba ba. Ya sa na kawo ta kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce Hawaja da toka yake fara yanke hukunci.

Wajen tsakiya abin ya sauya. Yajin ya kwanta. Wani zaƙi ya taso, ba na sukari ba, irin na dabinon da ya faɗa garwashi, da gahawa in ana soya ta ba ta ƙone ba. Hayaƙin ya yi kauri, ya yi laushi a baki. Na ga rumfar Baba da yamma, da shi zaune yana jera ganye a cinya. Ban yi niyyar faɗin wannan ba, ya fita da kansa. Malam ya ce, “Ƙara faɗa.” Na ƙara. Ya ce ƙara. Bakinsa yana motsi kamar shi ke sha.

Da a nan ya ƙare.

Da ya wuce tsakiya sai wani wari ya biyo baya, mai hawa hanci, kamar turken awaki da safe. Ɗacin ya dawo, wannan karon mai kama maƙogwaro. Na san shi. Haka ganyen Baba yake yi in an buɗe tarin da aka danne kafin lokacinsa. Na ƙara ja ko zai wuce, ya ƙaru. Kaina ya fara juyawa, zufa mai sanyi ta karyo mini.

“Yaya? Kin yi shiru.”

Allah ya sani na so in ce masha Allah in tsaya. Kalma biyu. Yana kallona da idon nan da suka faɗa. Amma don kada a ce masa haka ya zaɓe ni, in na faɗa, na sha hayaƙin nan a banza, na ɗauki zunubi biyu.

Na ce, “Rigar ba ni da abin cewa. Tsakiyarsa ko Baba sai ya yaba. Amma ka matse wuyan da yawa. Kuma ganyen ciki bai nuna ba, Malam. Ka ɗaga dutsen da wuri.”

“Da wuri?”

“Da wuri.”

Fuskarsa ta haɗe. Ya ce ni me na sani, 'yar masu tabar leɓe. Ya ce randata ce ta ɓata shi. Ya ce na ja da sauri kamar mai hura wutar girki. Na ce randa ba ta sa warin turke. Ya ce a mayar da shi gida.

Na miƙe, ƙasa ta juya, na durƙusa bayan bishiyar na amayar da duk abin da ke cikina. Sai na ji hannun Abdussamad a kafaɗata da gorar ruwa. “Inna, zauna. Kanki yana juya.” Da Hausa. Karkatacciya, amma Hausa.

Guntun da ya rage Malam ya ce a bar shi a kan dutse ya mutu da kansa, ba a murje shi. Ko cikin fushi bai manta wannan ba. Muka yi magariba a hanya, na wanke baki har na gaji kafin in kabbara.

Yau na aika wa mata cewa ba karatu. Na goge baki da asuwaki har dasashina ya yi jini.

Lahadi, 21 ga Muharram

Bai yi mini magana ba. Bai sha ko ruwa ba sai da na ɗiga masa. Fuska a bango.

Wa ya aike ni? Mutum na bakin kabari ina yi masa maganar dutse. Gaskiyar da na riƙe, don shi na riƙe ta ko don kar a ce Ikilima ta yi ƙarya?

Na haɗa jakar.

Litinin, 22 ga Muharram

Abdussamad ya zo da sassafe, makullin mota a hannu. Jaka na bakin ƙofa. Na shiga in sa wa Malam riga, na ɗaga hannun da ya mutu, sai ya yi magana bai kalle ni ba.

“Baban naki yana juya tarin?”

Na ce me?

“Ganyen. In ya danne. Barinsa yake ko yana juyawa?”

Na ce yana juyawa mana. In ya sa hannu ya ji tsakiya ta ɗau zafi sai ya rushe, na ciki ya koma waje, na waje ya koma ciki, ya sake dannewa.

Ya ce, “Ni ban juya ba. Hawaja a nune ake kawo masa.” Can ya ce, “Ashe ba hannun ba ne.”

Na ce ni ban taɓa cewa hannun ne ba. Wuyan dai ya matse.

“Wuyan ƙaramin abu ne.” Ya harare ni. “Ina kunun?”

Na kawo. Ya sha yana yamutsa fuska kamar mai shan maganin ɗaci, ya ce ba ya jin komai, toka ce. Amma ya shanye, ya ce a ƙaro. Abdussamad yana tsaye a ƙofa yana kallo. Da aka ƙaro na biyu ya mayar da makulli aljihu, ya ɗauki jakar ya kai ɗaki da kansa.

Alhamis, 25 ga Muharram

Ya ci gurasar tamis da wake, rabin faranti. Ya ce ci yake kamar mai zuba wa makina mai.

Mata sun dawo karatu. Ba wadda ta ce komai. Ƙaltume ta duƙa a randa ta ce, “Ajiya ta koma ga mai ita?” Na ce ta koma. Ta ce, “Ruwan ma ya rage daɗi.”

Ina istigfari bayan kowace salla, na ƙara da azumi. Abin da ke damuna, in na zo tuba sai ɗacin ƙarshen kawai nake nadama da zuciya ɗaya. Tsakiyar nan, ta dabino a garwashi, tana zuwa mini ba na kira ba. Allah ka duba.

Lahadi, 5 ga Safar

Malam ya taka daga gado zuwa tsakar gida da sanda. Hannun dai bai dawo ba, daktur ya ce kar a sa rai. Jiya na kama shi yana kallon nawa hannuwan ina naɗe lawashi. Ya ce yatsuna sirara ne. Na ce ya bar wannan magana.

Da nake ninke tsohon rawanin nan na ji ƙulli a gefensa. Iri ne, ƙanana kamar ƙura. Zubarwa almubazzaranci ne. Akwai gwangwanin man girki da ba a amfani da shi, na huda gindinsa na kai soro, bayan tankin ruwa inda rana ba ta dukansa da azahar. Furensa yana da kyau, a gida mata da shi suke jan haƙori. Don furen ne.

Abdussamad ya hau duba tanki ya gani. Ya sauko. Da na hau na tarar ya jawo wani katako ya kare shi daga soron maƙwabta.

Alhaji Idrisa, mutumin garinmu da jinya ta tsayar bayan Hajji, zai koma gida jibi. Na ari rikodar Ƙaltume na yi wa Yaya Rabo kaset. Na gaida kowa da kowa, na yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu. A ƙarshe na ce, Yaya, ka yi haƙuri da tambayar da ba ta da kai. In Baba zai yi baƙin ganyen nan nasa, juyi nawa yake yi wa tari kafin ya ce ya nuna, kuma da me yake ganewa, da hanci ko da hannu? Ba don komai ba, tunawa ce ta zo mini. Ka aiko mini amsa da duk wanda ya fara tasowa. Kar ka bari ta daɗe.